Wa Ke Ciyar da New York Times, Kuma Me Hakan Ya Yi wa Labaranta?

A watan Janairun 2009, kamfanin jaridar New York Times ya karɓi rancen dala miliyan 250 daga hannun attajirin Mekziko, Carlos Slim, a kan kuɗin ruwa kashi 14 cikin ɗari. Duk wanda ya san harkar bashi ya san mai lafiya ba ya karɓar kuɗi a kan irin wannan ruwa. Ba a jima ba kamfanin ya sayar da wani ɓangare na sabon benen hedikwatarsa da ke Manhattan a kan dala miliyan 225, ya koma ɗan haya a gidan da ya gina da kansa. A shekarar har an fara rubuta hasashen ranar da jaridar za ta daina fitowa. Boston Globe, wadda kamfanin ya saya dala biliyan 1.1 a 1993, ya rabu da ita a 2013 a kan dala miliyan 70 kacal.

Zuwa ƙarshen 2024 kuwa masu biyan kuɗi don karanta ta sun haura miliyan 11, kuɗin shigarta a 2024 ya kai wajen dala biliyan 2.6, kuma ta ce tana neman miliyan 15 kafin ƙarshen 2027. Shi ya sa a tarukan masu harkar jarida ake ta kafa misali da ita, ana cewa ga wadda ta gano bakin zaren. A fannin kasuwanci gaskiya ne, ta gano. Sai dai ana yawan zamewa daga nan a yanke hukuncin cewa tunda kasuwa ta yi kyau, aikin jaridar ma ya yi kyau. Wannan zamewar ce nake son mu tsaya a kanta, domin ribar kamfani da ingancin labari ba a mudu ɗaya ake auna su ba.

Sai mun fara daga inda kuɗin ke fitowa. Fiye da shekara ɗari jaridun Amurka da talla suka rayu. Abin da mai karatu ke biya a bakin titi bai cika ɗaukar ko kuɗin takarda da bugu da rabawa ba. Ainihin abin da jarida ke sayarwa shi ne idon mai karatu, masu saye kuwa manyan kantuna ne da dillalan motoci, sai kuma ƙananan tallace-tallacen nan na neman ma'aikaci da gidan haya da kayan hannu. Waɗannan ƙananan su ne saniyar tatsa. Shafin Craigslist ya zo ya ba mutane damar yin su kyauta, sannan Google da Facebook suka kwashe manyan, domin su suna iya gaya wa mai talla takamaiman wanda ya ga tallarsa da abin da ya yi bayan ya gani. Kuɗin tallar jaridun Amurka ya kai kusan dala biliyan 49 a 2006. Zuwa 2022, a ƙiyasin cibiyar Pew, bai kai biliyan 10 ba. Binciken makarantar koyon aikin jarida ta Medill ya nuna ƙasar ta rasa fiye da kashi ɗaya bisa uku na jaridunta tun daga 2005.

A watan Maris na 2011 New York Times ta kafa katangar biya a shafinta na intanet: labari 20 kyauta a wata, daga nan sai ka sa hannu a aljihu. An yi mata dariya sosai. Ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne babu mai biyan kuɗin abin da zai samu kyauta a wani wurin, kuma ita kanta ta taɓa gwada makamancin haka daga 2005 zuwa 2007 ta janye. Amma a 2012, karon farko a zamanin nan, kuɗin da masu karatu ke biya ya zarce na talla. Labaran kyauta suka yi ta raguwa, daga 20 zuwa 10, daga 10 zuwa 5. Zaɓen 2016 ya ƙara mata kasuwa: duk lokacin da Donald Trump ya kira ta jarida mai durƙushewa, sai masu adawa da shi su ruga su yi rajista.

Daga nan sai shugabannin kamfanin, Mark Thompson da kuma Meredith Kopit Levien da ta gaje shi a 2020, suka lura da wani abu game da halin ɗan Adam. Mutum yana gajiya da labarai. Idan zaɓe ya wuce, ko yaƙi ya daɗe, sai ya daina buɗe manhajar, wata uku a gaba ya soke rajista. Abin da ba ya gajiya da shi shi ne al'adar kullum. Saboda haka suka shiga tara abubuwan da mutum zai dawo wa kowace rana ko da duniya ta yi shiru: sashen girke-girke da aka buɗe a 2014, shafin Wirecutter mai gwada kayayyaki yana ba da shawarar wanda za a saya, wanda suka saya a 2016 a kan kimanin dala miliyan 30, shirin sauti na The Daily a 2017, sai kuma a Janairun 2022 suka sayi shafin wasanni na The Athletic dala miliyan 550, da wani ɗan wasan kacici-kacicin kalmomi mai suna Wordle, wanda wani injiniya, Josh Wardle, ya ƙirƙira. Kalma ɗaya ce mai harafi biyar a rana, dama shida ake ba ka ka canka. Mutum zai farka, tun bai sauko daga gado ba ya ɗauki waya ya yi minti uku a kai, ya tura wa abokai sakamakon, kuma manhajar tana ƙirga masa kwana nawa ya jera bai faɗi ba. Wanda ya jera kwana 300 ba ya son ya yanke. A 2023 an buga wasannin jaridar fiye da sau biliyan 8. Har ana zolayarta cewa kamfanin wasanni ce mai ɗan taɓa labarai.

Ni ban ga abin kunya a nan ba. Tun asali jarida kwando ce mai kaya iri-iri, kuma shafin wasanni da na kacici-kacici sun daɗe suna ɗauke da nauyin wakilin da ke zaune a Bagadaza. Abin da ya kamata a lura da shi kawai shi ne, adadin miliyan 11 ɗin nan ba ƙuri'ar amincewa da labarai ba ne. A cikinsu akwai wanda girki ya kawo shi, akwai wanda ƙwallo ta kawo shi. Kuma lissafin kasuwa yana da haƙora: a Yulin 2023 jaridar ta rushe teburin wasanninta mai dogon tarihi ta miƙa aikin ga The Athletic, abin da ƙungiyar ma'aikata ta yi ƙorafi a kai domin a lokacin ma'aikatan can ba sa cikin ƙungiyar.

An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A da, tsoron da ake yi shi ne jarida ta ɓoye laifin kamfanin da ke ba ta talla. Yanzu da mai karatu ya zama mai gida, tsoron ya canja kama. Mai talla ba ruwansa da ra'ayinka a kan shugaban ƙasa muddin jama'a da yawa suna kallo, har ma ya fi son ka tsaya tsakiya don kada ka kori rabin masu saye. Mai rajista kuwa yana da ra'ayi, kuma maɓallin sokewa yana hannunsa. A watan Agustan 2019, bayan harbe-harben El Paso da Dayton, jaridar ta buga babban kanu mai cewa Trump ya yi kira ga haɗin kai don yaƙar wariyar launin fata. Masu karatu suka yi ca, wasu suka yi barazanar sokewa, kafin bugu na biyu an canja kanun. Gaskiya kanun farko bai yi kyau ba, ya ɗauki maganar ɗan siyasa yadda ya faɗe ta ba tare da tarihin da ke bayanta ba. Amma saurin da aka yi wajen gyara ya nuna wa kowa inda igiyar take. A Yunin 2020 kuma, sashen ra'ayi ya buga maƙalar Sanata Tom Cotton mai kiran a tura sojoji kan tarzomar da ta biyo bayan kisan George Floyd. Ma'aikatan jaridar da kansu suka yi bore, editan sashen, James Bennet, ya bar aiki cikin 'yan kwanaki.

Wanda ke shakkar ƙarfin wannan maɓalli ya duba Washington Post. A Oktoban 2024 mai ita, Jeff Bezos, ya hana ta bayyana goyon baya ga Kamala Harris, kuma cikin 'yan kwanaki fiye da mutum 200,000 suka soke rajista. A nan ne kwandon New York Times ke yi mata amfanin da ba a cika faɗa ba. Wanda kanun labari ya ɓata wa rai amma yana da girki da Wordle da labarin ƙungiyarsa a wuri guda, zai yi tsaki ne ya ci gaba da biya. Wato wasan da ake yi wa dariya yana ba editoci wani ɗan sarari na faɗin abin da masu karatu ba sa so. Ko suna amfani da sararin, wannan wata magana ce.

Tsarin mallaka ma kariya ce. Tun da Adolph Ochs ya sayi jaridar a 1896, shekara 45 bayan kafa ta, zuriyarsa ce ke riƙe da ita. Ana sayar da hannun jarinta a kasuwa, amma akwai wani rukuni na musamman a hannun iyalin Sulzberger da ke zaɓar mafi yawan daraktoci, kuma A.G. Sulzberger ne mawallafi tun 2018. Saɓanin Bezos, iyalin ba su da kamfanin roka mai neman kwangilar gwamnati, ba su da wata babbar harka da fushin shugaban ƙasa zai iya taɓawa. Jaridar ce dukiyarsu. Wannan bambanci ne na gaske tsakaninta da jaridun da ke hannun attajiran da jarida ƙaramin abu ce a cikin kayansu.

To, aikin fa? Hanyar da na fi yarda da ita wajen auna jarida ita ce a jera manyan kura-kuranta kusa da manyan nasarorinta a ga ko akwai zaren da ya ɗinke kowane ɓangare. A New York Times akwai, kuma a bayyane yake.

Ranar Lahadi, 8 ga Satumban 2002, shafin farko ya ɗauki labarin Michael Gordon da Judith Miller cewa Iraƙi ta yi yunƙurin sayen dubban bututun alminiyam, waɗanda jami'an Amurka da ba a ambaci sunansu ba suka ce na tace makamashin nukiliya ne. Da safiyar ranar Mataimakin Shugaban Ƙasa Dick Cheney ya zauna a wani shirin talabijin na NBC, ya kafa hujja da cewa ai ga shi New York Times ta ruwaito. A duba zagayen da kyau: gwamnati ta raɗa wa jarida magana a ɓoye, jarida ta buga, gwamnati ta ɗaga jaridar a bainar jama'a a matsayin shaida mai zaman kanta. Alhali ƙwararrun ma'aikatar makamashi ta Amurkar kanta suna ganin bututun na rokokin yaƙi ne na yau da kullum. Wasu labaran na lokacin kuma sun dogara da mutanen da ke kewaye da Ahmad Chalabi, ɗan adawar Iraƙi da ke gudun hijira, wanda babban burinsa shi ne Amurka ta kifar da Saddam. An shiga yaƙi a Maris na 2003, ba a samu makaman ba. Sai 26 ga Mayun 2004 editoci suka buga bayanin amsa kuskure, a shafi na 10, ba tare da kama sunan kowa ba. Labaran da suka yi ɓarnar kuwa a shafin farko suka fito.

Ba wannan ne na farko ba. Walter Duranty, wakilinta a Mosko wanda ya ci lambar yabo ta Pulitzer a 1932, ya musanta yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a Yukiren domin ya tsare kusancinsa da gwamnatin Stalin. Ba kuma shi ne na ƙarshe ba. A 2018 jaridar ta fitar da wani shirin sauti mai suna Caliphate, wanda ya ginu a kan wani matashi ɗan Kanada da ya ce ya yi wa ƙungiyar ISIS aikin kisa a Siriya. Shirin ya yi farin jini, ya ci kyaututtuka. A Satumban 2020 'yan sandan Kanada suka kama matashin bisa zargin ƙirƙirar labarin, a Disamba jaridar ta amsa cewa ba ta iya tabbatar da abin da ya faɗa ba, ta mayar da lambar Peabody da aka ba ta. Wannan kuskuren yana da ƙanshin sabon kasuwancin: sashen sauti shi ne ɗan lelen kamfani a lokacin, labarin ya yi daɗin ji, alamun shakka sun bayyana tun kafin a saki shirin, aka ƙi tsayawa.

Yanzu a ɗora ɗaya ɓangaren. Ranar 29 ga Agustan 2021, kwana uku bayan harin da ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan Afganistan kusan 170 a ƙofar filin jirgin Kabul, wani jirgin Amurka maras matuƙi ya harba makami kan wata farar Toyota Corolla a harabar wani gida. Sojoji suka ce sun hallaka ɗan ƙunar baƙin wake da motarsa cike da bama-bamai, babban hafsan sojojin Amurka na lokacin, Janar Mark Milley, ya ce hari ne na gaskiya. Wakilan jaridar ba su tsaya a nan ba. Sun je gidan, sun yi magana da abokan aikin direban, sun samo hoton kyamarar tsaro daga ofishin ƙungiyar agajin da yake yi wa aiki. A hoton ana ganinsa yana cika jarkoki da ruwa da tiyo yana lodawa a mota, domin unguwarsu ba ruwa. Abin da jirgin ya hango daga sama ya ɗauka bama-bamai ke nan. Sun bi sawun motar awa-awa, sun nuna wa masana hotunan wurin, masanan suka ce babu alamar fashewa ta biyu irin wadda sojoji suka yi iƙirari. Aka buga binciken ranar 10 ga Satumba. Ranar 17, kwamandan sojojin Amurka a yankin, Janar Kenneth McKenzie, ya fito ya amsa cewa kuskure ne: mutum 10 aka kashe, 7 daga ciki yara.

Haka zaren yake a sauran. Wakilan jaridar Jodi Kantor da Megan Twohey ba su fasa ƙwan Harvey Weinstein, babban mai shirya fina-finan da aka zarga da cin zarafin mata, a Oktoban 2017 da jita-jita ba, jita-jitar ta daɗe tana yawo. Sun samo takardun sulhun da aka biya mata da wata wasiƙar cikin gida ta kamfaninsa, suka samu matan da suka yarda a ambaci sunansu. Binciken 2018 kan dukiyar iyalin Trump, wanda ya nuna ya samu aƙalla dala miliyan 413 a ƙimar kuɗin 2018 daga harkar mahaifinsa, da na 2020 da ya nuna dala 750 ya biya harajin shiga na tarayya a 2016 da kuma 2017, dukansu a kan dubban shafukan takardu suka tsaya. Takardun Pentagon na 1971, wato bayanan sirrin gwamnati kan yaƙin Vietnam, waɗanda gwamnatin Nixon ta je kotu don ta hana bugawa har Kotun Ƙoli ta ba jaridar gaskiya da alƙalai 6 a kan 3, su ma takardu ne. Duk inda jaridar nan ta riƙe abu a hannunta ta duba da idonta, da wuya a samu wadda ta fi ta. Inda take tuntuɓe shi ne inda wani babba ya ja ta gefe ya ce ga wani sirri, kada a ambace ni. Wannan ma'auni ne da kowane mai karatu zai iya amfani da shi a kan labari guda: ya ƙirga majiyoyin da ke da suna da marasa suna, ya tambayi kansa wa zai amfana idan maganar ta fita yau, ya duba ko wakilin ya ga takardar ko an ba shi labarinta ne.

Kusanci da masu iko yana da wata fuska kuma. Labarin James Risen da Eric Lichtblau kan yadda gwamnatin Bush ke sauraron wayoyin mutane ba da izinin kotu ba, an riƙe shi kusan shekara guda bisa roƙon fadar White House. Sai Disamban 2005 ya fito, bayan zaɓen 2004 ya wuce.

Akwai abin da na ɗauka babban koma-baya ne. Bayan abin kunyar Jayson Blair a 2003, matashin wakilin da ya yi ta ƙirƙira da satar labarai har manyan editoci biyu suka sauka, jaridar ta kafa muƙamin editan jama'a: mutum mai ofis a cikin gida, wanda ba ya ƙarƙashin babban edita, aikinsa ya karɓi ƙorafin masu karatu, ya tsare editoci da tambaya, ya buga abin da ya gano a cikin jaridar kanta. Daniel Okrent ne na farko. A 2017 aka soke muƙamin, da hujjar cewa masu karatu a shafukan sada zumunta sun isa su zama masu sa ido. Hujjar ba ta da ƙarfi. Mai zagi a intanet ba zai iya ƙwanƙwasa ƙofar edita ya ce nuna mini yadda aka tabbatar da wannan ba. An ji rashin wannan kujera sosai a yaƙin Gaza. A Oktoban 2023 jaridar ta buga bayanin cewa rahotonta na farko kan fashewar asibitin Al-Ahli ya dogara fiye da kima da iƙirarin hukumomin Hamas. Daga ɗaya ɓangaren kuma an yi ta sukarta kan yadda take zaɓar kalmomi idan Falasɗinawa ne suka mutu, da kan wani bincikenta na Disamban 2023 game da cin zarafin mata a harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoba, wanda malaman aikin jarida da dama suka nemi a sa wani daga waje ya sake dubawa. Jarida tana iya cewa tunda kowane ɓangare yana zagina, ina kan daidai. Wannan ba hujja ba ce, ana iya yi wa ɓangarori biyu kuskure a mako guda. Abin da aka rasa shi ne mutumin cikin gida mai ikon bincika kowane ƙorafi ya faɗi wanda ke da tushe.

Sai batun fasaha, inda jaridar ta zama mai ba da labari kuma mai ƙara a lokaci guda. Ranar 27 ga Disamban 2023 ta maka OpenAI, kamfanin da ya ƙera manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT, da Microsoft a kotun tarayya da ke Manhattan, tana zarginsu da kwashe miliyoyin rubuce-rubucenta su horar da ChatGPT ba izini ba biya. A cikin takardun ƙarar ta nuna misalan da manhajar ta amayo sakin layi na labaranta kusan kalma da kalma. Kamfanonin sun ce abin da suka yi yana cikin halaccin amfani da doka ta yarda da shi, OpenAI ta ƙara da cewa an matsa wa manhajar ne da dabara har ta fitar da misalan. Wasu gidajen labarai sun bi wata hanya: Associated Press, Axel Springer na Jamus, Financial Times da News Corp duk sun ƙulla yarjejeniya da OpenAI. Ita ma New York Times ba ƙin ƙirƙirarriyar basira take yi ba, a Mayun 2025 ta ba Amazon lasisin amfani da rubuce-rubucenta. Rigimar ta farashi ce da ta wanda ke da iko da kaya.

Abin da ke tayar mata da hankali a fili yake. Tun 2024 Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa a saman sakamakon bincike, mutum ya karanta ya tafi bai latsa ko'ina ba. A ɗauki Wirecutter: ma'aikata su yi makonni suna gwada injin wanki, su ce wannan ya fi, kuɗinsu kuma kamasho ne da ke shigowa idan ka bi ta shafinsu ka saya. Idan manhaja ta ba ka sunan injin kai tsaye, gwajin ya tafi a banza. Jaridun da suka jingina da Facebook sun riga sun sha irin wannan. Da kamfanin ya sauya tsarinsa a 2018 ya rage nuna labarai, masu ziyara suka ƙafe. BuzzFeed News, da lambar Pulitzer ɗinta ta 2021, ta sanar da rufewa a Afrilun 2023, Vice ta bayyana karyewa wata guda bayan haka. New York Times ta tsira ne domin ta koya wa mutane zuwa ƙofarta kai tsaye.

Shin za a yarda da rahotonta kan kamfanin da take shari'a da shi? Tana rubuta a cikin labaran OpenAI cewa akwai ƙara tsakaninsu, kuma hakan daidai ne, amma shi ne mafi ƙarancin abin da ake bukata. Jarrabawar gaske irin wadda Wall Street Journal ta ci ce a 2015, lokacin da John Carreyrou ya tona asirin kamfanin gwajin jini na Theranos alhali mai jaridar, Rupert Murdoch, ya zuba dala miliyan 125 a ciki. Shugabar kamfanin, Elizabeth Holmes, ta roƙi Murdoch ya kashe labarin, ya ƙi. Ga New York Times, wurin sa ido yanzu shi ne Amazon, wanda ke biyanta kuɗin lasisi kuma ta hanyarsa wani kaso na kamashon Wirecutter ke shigowa. Tarihinta a fannin fasaha gauraye ne. Ita da Observer ta Ingila suka fasa labarin Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook don harkar zaɓe, a Maris na 2018, kuma Kashmir Hill ta tona kamfanin gane fuska na Clearview a 2020. Amma da kamfanin kuɗin kirifto na FTX ya ruguje a Nuwamban 2022, rahotonta na farko kan mai kamfanin, Sam Bankman-Fried, ya sha suka cewa ya yi masa laushi, kamar yaron kirki ne da lissafi ya kuɓuce wa. Daga baya kotu ta yanke masa shekara 25. Tsohuwar cutar ce dai: mutumin ya iya magana, yana ɗaukar waya, ya yi kama da mutanen da wakilan suka saba zama da su.

Akwai kuma abin da girmanta ke yi wa saura. Ben Smith, mai sharhi kan harkar jarida, a maƙalarsa ta farko a jaridar a 2020, ya yi tambayar ko nasararta ba sharri ba ce ga aikin jarida baki ɗaya. Iyali ɗaya ba sa biyan jaridu biyar. Idan za su biya ɗaya, mai girki da wasa da ƙwallo da labaran duniya za su ɗauka, jaridar garinsu ta mutu. Gwanayen wakilan ƙananan jaridu kuma can suke ƙarewa, domin can albashi yake. Pew ta ƙiyasta ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridun Amurka sun ragu daga kimanin 71,000 a 2008 zuwa 31,000 a 2020. Ba New York Times ce ta kashe su ba, amma ba za ta iya zama a zaman majalisar kowane gari a madadinsu ba, ko a jiharta.

George Santos ya tsaya takarar majalisar wakilai a 2022 a wata mazaɓa da ta haɗa Long Island da wani yanki na Queens, 'yan kilomitoci daga hedikwatar jaridar. Wata ƙaramar jaridar mako-mako ta yankin, North Shore Leader, ta rubuta tun kafin zaɓe cewa dukiyar da mutumin ke iƙirari ba ta da kan gado. Ba wanda ya ɗauka. Ya ci zaɓe a Nuwamba. Ranar 19 ga Disamba New York Times ta fito da bincikenta: jami'ar da ya ce ya gama ba ta da sunansa, manyan bankunan da ya ce ya yi wa aiki ba su san shi ba. Binciken ya yi kyau ƙwarai, takarda bayan takarda, kuma shi ya kai ga korarsa daga majalisa a Disamban 2023. Amma binciken ya fito ne mako shida bayan an rufe akwatunan zaɓe.